Batirin da Ya Zo da Mota

Alhaji Lawwali mai albasa bai taɓa jin tsoron mutuwar batir ba. Tun yana saurayi yake jigila tsakanin Illela da Ƙonni da wata tsohuwar akori-kura wadda makullinta bai wuce ado ba. Kullum a kan gangara yake kwantar da ita. Da safe ya saki birki ta mirgina, ya saki kuloci, ta yi tari ta kama. In babu gangara, ba a rasa ƙarti a bakin kasuwa da za su sa kafaɗa. A wurin wannan motar ya koyi wata ɗabi'a ta tsofaffin direbobi: duk inda hanya ta gangara sai ya murɗe makulli ya kashe injin, ya bar mota ta tafi da nauyinta don a rage shan mai. Ya yi haka har hannunsa ya daina neman shawararsa.

Da Allah ya buɗa masa sai ya sayar da akori-kurar, ya sayi baƙar mota ta shiga, irin wadda ake kawowa daga Turai bayan an gama morar ta can. Mai canza giya da kanta ce, ba ta da kuloci. Gilasanta da maɓalli ake sauke su, kuma tana da na'urar sanyi. Amma abin da Lawwali ya fi alfahari da shi shi ne batirin da ta zo da shi, mai rubutun da babu wanda ya iya karantawa a Illela, da wani ɗan ido kore a samansa. Yakan buɗe bonet ya nuna wa mutane. Ɗan asali yake ce masa. A ganinsa duk na kasuwa jabu ne, wannan kaɗai ne na gaskiya.

Sai bazarar bana ta sauko. Tun da hantsi ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, kaji suna mutuwa a akurki, wutar lantarki kuwa an ma daina tambayar ta. Tsohuwar Lawwali, wadda ta daɗe ba ta fita, ta kasa numfashi a ɗakinta. Don haka kowace yamma yakan kwance batirin ya kai mata, ya haɗa da wata 'yar fanka ta kwana tana juyawa har ta tsaya don kanta, da safe ya mayar da shi mota. Babu mai cewa ya yi laifi a nan. Amma batirin mota ba a yi shi don a riƙa tatse shi ƙarƙaf ba, balle wanda aka ƙera don ƙasar ƙanƙara, ya tsufa a can, sannan aka kawo shi ana gasa shi da ranar Illela.

Motar ta fara jan numfashi kafin ta tashi. Lawwali ya biya shagon Mukhtari mai batir, wanda taubashinsa ne, ba su iya haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba.

Mukhtari ya leƙa, ya shafa gefen batirin, ya shinshina, ya ja da baya. Ya ce, "Alhaji, batirin ga naka ya kumbura. Dubi cikinai awa mai ciwon hanta. Ka ji wari? Ruɓaɓɓen ƙwai ke nan. Ga idon ma ya yi baƙi."

"Kai dai ka ga kasuwa ta taho," in ji Lawwali. "Sa mai caji shi ƙoshi, ka bar ni da surutu."

"Caji ina? Ba shi riƙewa. Rana ta shanye ruwanai, kai kuma ka bi shi da fanka ka ƙarasa. Ko sabo na ɗaura ma, garin ga ba shi kai rabin kwanakin da shika yi can ƙasarsu. Balle wanga da anka yi ma ritaya tun kahin ka san shi."

"In cire ɗan asali in sa kwalin da kaka saida ma 'yan kabu-kabu? Allah shi kiyaye."

"To ka ji ni da kyau, mai albasa. Wagga ba akori-kura ba ta. Ran da ta ƙi tashi, ko Illela duka ta taru ba ta tashi da turi."

Lawwali ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Motar da ba ta tashi da turi ba a ƙera ta ba tukuna. Ina tuƙi kana yawo ba wando."

Aka sa masa caji ya tafi. Da yamma ya kwance batirin ya kai ɗakin tsohuwa.

Lawwali yana da ɗiya, Hindatu, ita ce ta fari a wurinsa da matarsa Lubabatu. Kamar yadda suka gada, daga shi har uwar babu mai kiran sunanta, kunyar ɗan fari ta hana. Yarinyar ga suke cewa, ko wagga. Tana aure a Tungar Bashar, wani ɗan ƙauye a bayan Garu, wurin wani manomi mai suna Sahabi, mutum mai ladabi wanda bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba.

Ranar wata Juma'a, rana ta ɗaga, Sahabi ya bugo waya. Hindatu ta sauka, an sami namiji, amma mabiyiya ta ƙi faɗowa kuma jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta ce a nemi mota a kai ta asibiti Illela, ba ta iya zama a kan mashin.

Lubabatu ta fito da mayafi a hannu ko takalmi ba ta gama sawa ba. Lawwali ya murɗa makulli. Motar ta yi ƙas, ta yi shiru. Ya sake, ko ƙas ɗin ba ta yi ba.

Aka kira Mukhtari a waya, ya iso a kan mashin da batirin shago ɗaure a baya. Bai yi wasa ba ranar. Ya maƙala wayoyi, motar ta tashi. Ya ce, "Tsaya in kwance wanga na shago in sa ma a but, ka tahi da shi da wayoyin."

"Ba lokaci. Ta tashi ai. Gudu za ni yi, kahin in kai Garu ya cika."

"Ba shi cika, Lawwali! Na hwaɗa ma ba shi riƙewa. Ɗan jira kaɗan."

"Cire wayoyinka."

Mukhtari ya cire, ya rufe bonet, ya juya zai kwance igiyar da ta ɗaure batirin. Motar ta riga ta ja. Ya bi ta da gudu yana dukan but yana cewa, "To kada ka kashe injin! Ko mi ya hwaru, kada ka kashe injin!" Lawwali ya ɗaga hannu ta madubi, alamar ya ji.

Kuma ya ji ɗin. A Tungar Bashar ya bar injin yana kuka a ƙofar gida. Mata suka fito da Hindatu a cikin zane, suka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar uwarta. Leɓɓanta sun yi fari. Jaririn aka bar wa uwar Sahabi. Lawwali bai dubi ɗiyarsa ba sai ta madubi. Ya rufe gilasai ya ƙure sanyi. Sahabi ya hau mashin ɗinsa ya biyo su a baya, don ba ya iya zama kujera ɗaya da surukinsa.

Hanyar burji ce da rairayi. Can gaba da Garu akwai inda take hawa wani tudu, sannan ta gangara zuwa wata busasshiyar ƙorama kafin ta sake hawa. Da suka kai kan tudun, idon Lawwali ya sauka kan allurar mai. Ta kwanta kusa da ƙarshe, don bai tsaya shan mai ba da zai fito. Yana cikin tunanin ko zai kai su Illela, hanya ta gangara, hannunsa ya mayar da giya furi ya murɗe makulli.

Sai da sanyin ya ɗauke ya san abin da ya yi.

Lubabatu ta ce, "Alhaji, mi na ji?"

Motar tana gangarawa ya murɗa makulli, babu komai. Ya murɗa, ya murɗa. Ƙafarsa ta hagu tana neman kuloci a inda babu shi. Sitiyari ya yi nauyi. Motar ta sauka cikin ƙoramar, rairayi ya riƙe tayoyinta, ta tsaya a daidai wurin da ya fi ko'ina zurfi.

Sahabi ya iso ya sauka daga mashin. Ya durƙusa a gefen ƙofa kansa a ƙasa.

Lawwali ya fito ya duba waya. A wannan kwarin sabis ɗin Nijar kaɗai ke shigowa, kira ba ya fita. Ya mayar da ita aljihu. Ya hango wasu Fulani makiyaya a ƙarƙashin gawo, da wasu masu haƙar rijiya a cikin ƙoramar, ya ɗaga murya ya kira su. Suka zo da sauri da suka ji akwai mai jego.

Sahabi ya taɓa zama a tasha, ya san irin wannan motar ba ta tashi da turi. Amma yaya zai dubi uban matarsa, a gaban baƙi, ya ce masa bai san mota ba? Sai ya zagaya. Ya ce, "Baba, da na sheƙa Illela na ɗauko Baba Mukhtari, ko da za a yi turin."

"Ka tahi wa ka turi? Sa kahwaɗa. Yanzu ta tashi."

"To, Baba."

Suka sa kafaɗa. Ƙarfen motar yana ƙuna, sai da suka naɗe hannuwansu da riguna. Da kyar suka fitar da ita daga rairayin, suka haura da ita tudun gaba suna nishi, kowane taku sai an sa dutse a bayan taya. Da suka kai wani wuri Lawwali ya ce su saki. Motar ta taho da baya, ya buga giya. Ta yi wani gurnani, ta girgiza, ta koma cikin rairayin. Hindatu ta yi ƙara a baya.

"Gudun bai isa ba," in ji Lawwali. "A ƙara hawa da ita."

A cikin motar zafi ya taru. Lubabatu ta danna maɓallin gilashi, bai motsa ba. Ta buɗe ƙofa da ƙafa, iskar da ta shigo kamar daga bakin tanda. Tana yi wa ɗiyarta fifita da gefen mayafi, tana jin zanen da ke ƙarƙashinta yana ƙara nauyi.

Suka sake haurawa. Wani dattijo cikin masu haƙar rijiya ya zame ya faɗi, ya tashi ya koma. Sahabi yana turi yana kuka ba sauti, hawaye da gumi sun haɗu. Suka saki. Motar ta sake komawa inda ta fito.

"Saura kaɗan. Kun ji ta so ta kama. A koma."

Lubabatu ba ta taɓa ɗaga wa mijinta murya a gaban maza ba. Ta sauko daga motar, zanenta ya jiƙe ja tun daga cinya har ƙasa. Mazan suka kau da kai. Ta ce, "Alhaji, dube ni. Dubi zanena. Wagga mota ba ta tashi, Mukhtari ya hwaɗa ma, kowa ya ji. Sahabi, kai kuma kunya kaka ji? Matarka na ƙarewa kana jin kunya? Hau mashin ka tahi!"

Sahabi ya dubi Lawwali. Lawwali ya dubi zanen. Ya ce, "Tahi."

Mashin ya haura tudu ya ɓace. Rana tana tsakiyar kai. Suka ɗauko Hindatu suka kai ta ƙarƙashin gawon, makiyayan suka janye shanunsu suka shimfiɗa mata tabarmar kaba. Wani ya kawo ruwa a gora, ya yi ɗumi kamar an dafa. Lubabatu tana ɗiga mata a baki. Babu motar da ta wuce. Ranar Juma'a ce, kuma tun da hanyoyin daji suka lalace da ɓarayi ba kowa ke bin wannan ba.

Lawwali ya koma wurin motar shi kaɗai. Ya buɗe bonet. Batirin ya ƙara kumbura, farin gari ya taru a kawunansa. Ya ɗauki dutse ya daddaki kawunan, ya shiga ya murɗa makulli. Ya fito ya tsiyaya musu ruwan gora, ya goge da hularsa, ya sake murɗawa. Ya daɗe yana wannan kai da kawowa, don ya fi masa sauƙi da zuwa gindin gawon.

Sai Lubabatu ta kira shi. Ba da ƙarfi ba.

Ya zo ya tsaya, sannan ya durƙusa. Idanun ɗiyarsa a rufe suke, numfashinta gajere. Hannunta da ya taɓa sanyi ƙalau a cikin wannan zafin. Ya buɗe baki zai ce yarinyar ga, maganar ta ƙi fita.

Ya ce, "Hindatu."

Ta buɗe ido da kyar. Ta dube shi, bakinta ya ɗan motsa kamar mai son dariya. Ta ce, "Baba, ashe ka san sunana."

"Na sani. Ni na raɗa miki shi."

"Mota ta tashi?"

"Ana tahe da batir. Yanzun ga."

Ta juya ido wurin uwarta. "Inna, an ba shi ruwa? Yaron."

"An ba shi. Yana wurin kakatai. Yi shiru ki huta."

Ba ta ƙara magana ba. Lubabatu ta sunkuya tana yi mata kalmar shahada a kunne. Dattijon mai haƙar rijiya ya matsa nesa ya juya baya, sauran suka bi shi.

A Illela Sahabi ya tarar da shagon Mukhtari a kulle, kowa ya tafi masallaci. Ya bi sahu-sahu a cikin rana yana leƙen fuskoki, mutane suna harararsa, har aka tayar da salla ya tsaya a gefe yana jira. Da aka sallame ya gan shi. Mukhtari bai tambaye shi komai ba. Ya bar takalmansa a ƙofar masallaci, suka buɗe shago, ya ɗauki sabon batir da sufana, ya rungume shi a bayan mashin.

Tun daga kan tudu suka ga an rufe Hindatu da mayafin uwarta har kai. Sahabi ya saki mashin ya faɗi, ya tafi gindin gawon ya zauna a ƙasa. Mukhtari ya tsaya da batir a hannu, ƙafafunsa babu takalmi a kan rairayi mai ƙuna, bai ji ba.

Lawwali ya taso. Suka dubi juna. Mukhtari ya yi masa ta'aziyya a taƙaice, ya wuce wurin motar, don ko yaya ne sai an ɗauke ta daga nan, kuma zafin ba ya barin a jinkirta gawa. Ya kwance tsohon batirin ya ajiye a kan rairayi, ya ɗaura sabon, ya ɗaure kawunan. Aikin bai kai tsawon alwala ba. Ya zura hannu ta ƙofa ya taɓa makulli, motar ta tashi nan take, sanyi ya fara busowa kan kujerar da ta jiƙe.

Lawwali yana tsaye yana kallo. Ya ce, "Shi ke nan aikin?"

"Shi ke nan."

"Da ka sa shi ƙohwar gida..."

Mukhtari ya rufe bonet a hankali.

Aka ɗauko ta aka mayar kujerar baya, uwarta ta sake ɗora kanta a cinya kamar ɗazu. Lawwali ya nufi wurin direba, ya kama ƙofa, ya tsaya. Hannun nan nasa na dama shi ya murɗe makullin. Ya dube shi, ya saki ƙofar ya zagaya ɗaya gefen. Mukhtari ya shiga ya kama sitiyari.

Ya ce, "Ina muka yi? Illela ko Tunga?"

Sahabi yana bakin taga, kansa a ƙasa, yana jiran abin da surukinsa zai ce.

Lawwali ya ce, "Tambayi mijinta. Shi ya san abin da ya dace. Tun ɗazu ma shi ya sani."

Sahabi ya ce, "Tunga, Baba. Yaron na can."

Mazan suka sake sa kafaɗa, suka fitar da ita daga rairayin, ta juya ta fuskanci inda ta fito. Wani daga cikin makiyayan ya nuna tsohon batirin da ke zaune a ƙoramar, ya ce an manta da kaya. Lawwali ya dube shi ta gilashi bai ce a tsaya ba. Motar ta haura tudun Garu a hankali, Sahabi yana biye a kan mashin, allurar mai tana kwance inda take, kuma man ya kai su har ƙofar gida.